Maza Huɗu a Gida Ɗaya

Kafinta ya gama haɗa firam ɗin tun kafin ya ga ko kalar takardar da za a sa a ciki. Halinsa ke nan, kuma mutumin da ya kai shekara saba'in da hali ba yau zai sake shi ba. Tun ranar da mota mai lasifika ta zaga unguwa tana shelar cewa hukuma za ta ba kowane gida takardar mallaka, ya shige rumfarsa ta bayan gida ya jawo wani katako da ya daɗe yana ɓoyo, yana jiran aikin da ya isa. Sati biyu yana kansa. Ya yanka, ya goge, ya bi shi da samfefa har ya yi santsi kamar kumatun jariri. Sannan ya ɗauki ƙarfen sassaƙa ya zana laƙabobinsa a jiki: Kyaftin da Injiniya a sama, Shugaba a dama, Dakta a hagu. Ƙasan kuwa ya bar shi fili, don wa ya sani, ana iya ƙara masa wani kafin ya bar duniya.

Kada ku ce ƙarya yake yi, ko ɗaya ba shi ya raɗa wa kansa ba. Kyaftin tun yana saurayi ya samo shi a ƙwallon unguwa, inda ya fi kowa baki ko da bai fi kowa ƙafa ba. Injiniya ya zo ranar da injin yankan katako ya tsaya a tsohon wurin aikinsu, ya doke shi da guduma sau biyu ya tashi. Shugaba kuwa na gaske ne, ya riƙe ƙungiyar kafintoci wata takwas cur kafin a yi zaɓe. Dakta wata tsohuwa ce ta ba shi, da ya ɗora wa kujerarta ƙafa ta ce ai wannan likitan kujeru ne. Mutane suna faɗa cikin raha su wuce, shi kuma sai ya tsince shi ya kakkaɓe ya sa a aljihu. Mutumin kirki ne, wallahi, ba ya cin haƙƙin kowa, ƙusa ɗaya ba ya ragewa a aikin mutane. Amma ka kira shi Injiniya a bainar jama'a, ka ga yadda tafiyarsa ke sauyawa.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta taɓa kiransa da ko ɗaya daga ciki ba, matarsa. Tela ce, shekara arba'in da ɗoriya tana taka keken ɗinki a bakin tagar ɗakin gaba, shi ya sa yake ce mata Mai Keke. Ita kuwa Kafinta take ce masa, da safe Kafinta, da yamma Kafinta, ko a gaban baƙi. Ya yi ƙorafi har ya gaji. Ya taɓa yi mata fushin kwana biyu a kan maganar, ta bar shi ya gama ta ce, “Kafinta, ruwan wankanka zai huce.”

To ga inda gizo ke saƙar. Takardar sayen filin ta daɗe da tafiya, tun shekarar da ruwa ya shigo ɗaki ya jiƙa akwati, kuma wanda ya sayar musu ya rasu. Hukuma ta ce ba komai, duk wanda ya rasa takardar ciniki ya kawo shaidar cewa shi ɗin dai ya zauna a gidan shekara talatin a jere. Wanda bai kawo ba zuwa ranar Juma'a, za a rubuta gidansa cikin waɗanda ba su da mai su, kuma da waɗannan za a fara idan aka zo sake tsara unguwa. Kafinta bai ji ko ɗar ba. Shaida ai buhu guda gare shi, rasit ɗin ruwa da na wuta da na kwasar shara, ko ɗaya bai taɓa yarwa ba.

Ranar Litinin ya sa rigarsa mai aiki a wuya, ya ɗaure takardun da zare ya nufi ofishin filaye. Ɗaki ne dogo, benci huɗu, fanka ɗaya tana juyi kamar an tilasta mata. Benci na biyu yana rawa, ya duƙa ya leƙa ƙasansa ya girgiza kai, ya ce wa na kusa da shi wanda ya haɗa wannan bai ji tsoron Allah ba. Sai wajen azahar layi ya zo kansa.

Ma'aikaciyar yarinya ce da ba ta fi jikarsa ba, da tabarau da murmushi mai sanyi. Ta gaishe shi da ladabi, ta karɓi katin shaidarsa, ta kwance zaren ta fara jera takardun bisa tebur shekara bayan shekara. Tun tana jerawa da sauri har hannunta ya rage gudu. Ta raba su kashi huɗu, ta dubi katin, ta dubi takardun, ta ɗago.

“Baba, su waye waɗannan?”

“Ni ne mana, 'yata.”

“Duka huɗun?”

“Duka,” in ji shi, har da gyara zama.

Sai ta nuna masa da bakin biro, a hankali, kamar mai tsoron kada ta taka shi. Layin suna a fom gajere ne. Duk lokacin da Kafinta ya sami sabon laƙabi, sai ya bi ofisoshin ruwa da wuta da shara ɗaya bayan ɗaya ya sa a gyara, kuma da yake layin ba ya ɗaukar komai da komai, sai ya sauke wani abu don laƙabin ya sami wurin zama. Zamanin Kyaftin ya jefar da sunan kakansa. Zamanin Injiniya ya jefar da na mahaifinsa ya dawo da na kakan. Da ya zama Shugaba nasa sunan ne ya sauka, aka bar na uban shi kaɗai. Dakta kuwa da gajeren sunan da abokai ke kiransa ya haɗa shi. Ba ɗaya da ya yi daidai da abin da ke kan katinsa.

“A takarda, Baba, maza huɗu ne suka zauna a gidan nan, wannan ya tashi wannan ya shigo. Wanda ya fi daɗewa a cikinsu Injiniya ne, shekara goma sha ɗaya. Ni kuwa talatin aka ce in nema.”

Kafinta ya yi dariya, ya ce ta fita titi ta tambayi ko akuya, kowa ya san shi. Ta ce ta yarda, har ga Allah ta yarda, amma ba ita ke sa hannu ba, kuma mai sa hannun takarda yake karantawa. Akwai hanya, in ji ta: ya je kotu ya yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, a buga a jarida, a jira sati uku ko wani zai yi jayayya. Ya ƙirga da yatsa daga Litinin zuwa Juma'a, ya sake ƙirgawa, bai ga sati uku a ciki ba.

“Ko kuma,” ta ce tana haɗa masa takardun, “idan akwai wani a gidan da takardunsa suka zo da suna ɗaya shekara talatin, sai a yi da sunansa. Ba wani a gidan?”

“Ba kowa,” ya ce. “Sai iyalina.”

Ya tashi ya fita kafin ta ƙara magana. A hanya mai gyaran takalmi ya ɗaga masa hannu ya ce, “Injiniya, an samo?” Karo na farko a rayuwarsa sunan ya sauka masa a kunne kamar zagi. Ya ɗaga hannu kawai ya wuce.

Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Ba don kansa ba, shi likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa ta fara gajiya, ya san ba zaman shekara ashirin ya rage masa ba. Mai Keke yake tunani. 'Yarsu ɗaya tana aure a nesa cikin ɗaki biyu da yara biyar. Idan aka rushe gidan nan, ina matar nan za ta kai kekenta? Kuma duk a kan me? A kan Dakta, shi da ko allura bai iya riƙewa ba.

Da ya isa gida, Mai Keke ta tambaya, ya ce layi ne ya yi yawa, sai an koma. Ya shige rumfa ya juya firam ɗin ya fuskanci bango. Ranar Talata ya wuni yana gyara wata kujera da ba abin da ya same ta. Abincin rana ya dawo kamar yadda aka kai shi. Mutumin da ke cika gida da surutu tun daga asuba, har kaji su gaji da shi, yau sai ƙarar keke kaɗai ake ji.

Ranar Laraba da hantsi keken ya tsaya. Ya ji takunta har bakin rumfa.

“Kafinta, zo ka duba mini durowar nan, ta ƙi buɗuwa.”

Wannan kam ba zai ƙi ba, don shi ya haɗa teburin keken da hannunsa shekarar da suka tare, kuma bai yarda a ce aikinsa ya cije ba. Ya bi ta ɗakin gaba yana gunaguni, ya kama durowar ƙasa ya ja. Ta fito sumul, ko ƙara ba ta yi ba. Ya buɗe baki zai yi magana sai ya ga abin da ke ciki.

Takardu ne a jere, an ɗaure su da ƙyallaye kala-kala, ragowar ɗinkin mutane. Takardar izinin sana'a da take sabuntawa kowace shekara. Katin awon ciki. Katin rigakafin 'yarsu. Wasiƙun makaranta. Katin asibitin ido na bara. Ya zauna a kan tabarma ya dinga buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Suna ɗaya, harafi bai sauya ba, lambar gida ɗaya, tun daga takardar da ta yi ja don tsufa har zuwa wadda tawadarta ba ta gama bushewa ba. A gurbin laƙabi kuwa, kowace takarda ɗan layi ne kawai aka ja.

“Matar mai gyaran takalmi tana benci na uku ranar Litinin,” in ji ta, tana zare wani zare daga bakin zaninta. “Ta ce an ce maza huɗu gare ni. Na ce mata shi ya sa tukunyata ba ta kwana da saura.”

Bai yi dariya ba. Kunya ta rufe shi har wuya. Ya tuna sau nawa ta ce masa ya bar takardun nan yadda suke, ya ce mata ita ba ta san harkar manya ba. Yanzu ga hanya a buɗe a gabansa, shekara arba'in da uku cif, amma wata magana ta tsaya masa a rai. Kuma da yake shi ba ya iya riƙe magana, sai ya faɗe ta yadda take.

“Me mutane za su ce? A ce Shugaba guda yana zaune a gidan matarsa?”

Ya jira ta yi masa tsiya, don ta iya. Da ta yi, da ya sami abin kamawa ya yi faɗa ya huce. Sai ta zauna a kujerar keken ta dube shi, babu wasa a fuskarta.

“In zai zubar maka da girma, a bar shi. Da gaske nake. Ni ɗaki ɗaya ya ishe ni, in dai da taga mai haske saboda idona. Ba zan so ka dinga sunkuyar da kai a titi saboda bulo da kwano ba.”

Nan ne maganar ta same shi. Bulo da kwano, in ji ta. Shi ya san bulon nan. Ya san wadda ta dinga ɗauko shi a ka daga bakin titi, biyu-biyu, da cikin wata shida, saboda mota ba ta iya shigowa lungun. Ya san wadda ta riƙe masa tsani ranar da ya buga kwanon, iska na neman ɗauke su su biyun. Ya san tagar nan ma don ita ya faɗaɗa ta. Matar nan a shirye take ta bar duk wannan ta koma ɗakin haya, don kawai wani tsoho ya ci gaba da jin daɗin Shugaba a bakin mai gyaran takalmi. Ƙaunarta ta kama shi, da haushin kansa, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ƙurar durowa ce.

“Durowar da nake gogewa kullum?” ta ce.

“Tashi ki nemo mayafinki na fita,” ya ce. “Gobe da sassafe. Kuma ni zan riƙe takardun, ke kina da mantuwa.”

Ranar Alhamis su ne na uku a layi. Ya hana ta zama a benci na biyu. Ma'aikaciyar ta gan su ta miƙe ta gaishe da Mama, ta kwance ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya tana jerawa, wannan karon hannunta bai tsaya ba har ƙarshe. Ta ce ta daɗe ba ta ga takardu masu tsabta haka ba. Kafinta ya ce ai a durowar da ya haɗa suke, ko ƙwaro ba ya shiga. Ta jawo sabon fom ta rubuta sunan, sannan ta ɗora biro a kan ƙaramin akwatin da ke gabansa.

“Mama, wane laƙabi za a sa?”

“Ja layi kawai, 'yata.”

“A'a, tsaya,” in ji Kafinta, ya dafa tebur. “Mai gida sukutum a ja mata layi? Sa mata Shugaba. Na ba ta nawa, ban ma cika amfani da shi ba. Ko Injiniya, ai ita ke gyara kekenta da kanta.”

Yarinyar ta cije leɓe tana kallon fom. Na bayansu a layi suka fara murmushi.

“Kafinta,” in ji Mai Keke, ko juyowa ba ta yi ba, “da wannan ciwon ka kusa raba mu da gida. Ja layi, 'yata.”

Aka ja layi. Ta dangwala yatsa, aka buga hatimi, aka ce su dawo bayan wata guda. A hanyar gida mai gyaran takalmi ya ce, “Shugaba, yaya?” Kafinta ya nuna matarsa da buɗaɗɗen hannu ya ce a gaishe da mai gidan tukuna, shi ɗan haya ne, kuma ba ya biya. Kafin la'asar ya gaya wa mutum goma sha, kowa da irin ƙarin gishirin da ya samu. Abin da ya ji tsoron a faɗa a bayansa, shi ya riga kowa faɗa, har ya fara jin daɗinsa.

Takardar ta fito ranar wata Talata, fara ƙal da hatimi ja. Ya karanta sunan sau uku a tsaye a ƙofar ofis. Da suka dawo ya shige rumfa, ya juyo da firam ɗin, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaure shi a kan teburin aiki ya ɗauko abin kankare katako. Zai fara da Dakta, don shi ya fi ba shi kunya.

“Me za ka yi?” Tana tsaye a bakin rumfa da tef ɗin awo a wuya.

“Zan share su. Takardarki ce, bai kamata mutanen nan su kewaye ta ba. Su suka kusa cinye gidan.”

“Ajiye abin nan.” Ta shigo tana taka ɓawon katako, ta shafa haruffan da yatsa. “Shekara arba'in ina dafa wa mutanen nan abinci, ina wanke musu riga, yau za ka kore su ba sallama? Kyaftin ne ya yi ta zarya a ƙofar gidanmu. Injiniya ya kai 'yata makaranta a kafaɗa. Shugaba ya ishe ni da jawabi, amma shi ma na saba da shi. Bar su.”

Ya ajiye. Ta kai yatsa kan katakon ƙasa, inda ya bari fili.

“Nan fa, wa kake jira?”

Ya sosa ƙeya. Ya ce da ma ya bar shi ne ko Allah zai kawo wani.

“Ai ya daɗe da kawowa, kai ne ka ƙi sa shi ko a rasit ɗin shara. Duk cikinsu shi ya buga kwanon nan, shi ya haɗa mini tebur, kuma shi aka ba ni. Sa shi a nan, ya ɗauki sauran.”

Ta juya ta koma ɗakin gaba, can sai ya ji keken ya tashi. Kafinta ya shafa katakon. Ya ciro fensir daga bayan kunne ya ja layi biyu a miƙe, ya raba wurin gida bakwai daidai, yawan haruffan Kafinta, ya ɗauki ƙarfen sassaƙa. Bai taɓa yin aiki a hankali kamar na ranar ba. Sau biyu yana tsayawa ya goge ido da bakin riga, don ƙurar katakon nan ba ta da kirki.

Da yamma ya buga ƙusa a bangon ɗakin gaba, daidai saman keken, inda hasken taga ke sauka. Ya rataye, ya ja baya, ya matso ya gyara, ya sake ja baya.

“Ya karkace,” in ji ta, ba ta ko ɗago daga ɗinkin ba.

“Bai karkace ba.”

“Kafinta.”

“Na'am,” ya ce, ya je ya gyara.